Tsohon gida a Agege yana jan mutane da damina, ta ina za a fara gyaran wayarin?

Wani bawan Allah ne ya turo tambaya, bari in taƙaita ta. Ya gaji gidan mahaifinsu a Agege, Legas, ginin shekarun 1970, kuma tunda aka gina ba a taɓa sake wayarin ɗinsa ba. Duk sanda ruwa ya sauka famfon banɗaki yana jan mutum, akwai bangon da in ka dafa da jiƙaƙƙen hannu sai kaji tsir-tsir, fiyus na yawan ƙonewa, bara kuma tsawa ta cinye masa talabijin da dikoda a dare ɗaya. Mai gyara ɗaya yace a fasa komai a sake, wani yace soket-soket kawai za a canja. Shi kuma yana son saka inbata da esi guda biyu, kuɗin ba za su kai duka ba, da me zai fara?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya albarkaci zuri'a. Kafin mu shiga maganar kuɗi da lissafi dan Allah abu ɗaya nake roƙonka kayi yau ɗin nan, ba gobe ba: layin da yake kai wuta banɗakin nan a kashe shi, a zare fiyus ɗinsa a ajiye, in akwai hita ko injin tura ruwa a kan layin a cire su daga wuta gaba ɗaya. Famfon da yake jan mutum ba ƙaramin abu bane kuma ba "halin tsohon gida" bane kamar yadda mutane suke cewa su wuce. Wuta ce take yoyo daga wani wuri tana bin bututun ƙarfe, yau kaji tsir-tsir saboda kana sanye da silifas ko ƙasan a bushe yake, ranar da yaro ya shiga ba takalmi da sabulu a jikinsa lissafin daban ne. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙen jiki juriyarsa ga wuta tana iya saukowa kusan om 1,000 (om shine ma'aunin juriyar), kaga a kan bolt 230 da muke amfani da shi a Najeriya hakan na nufin sama da miliyam 200 zai ratsa mutum (am shine ma'aunin yawan wutar da ke gudana, miliyam dubu ne am ɗaya), alhali daga wajen miliyam 10 zuwa 20 hannu yake fara ƙanƙame abu ya kasa saki, daga 50 zuwa sama kuma zuciya tana iya rikicewa. Shi yasa nace a fara da wannan.

Toh yanzu masu gyaran nan biyu, gaskiya ba zan ce maka ɗaya yayi daidai ba, domin daga bayaninka babu wanda ya auna komai a cikinsu, da ido suka yanke hukunci. Wayar da take cikin bango ba a sanin lafiyarta da ido ko da testa mai ɗan ƙwan nan da ake sakawa a aljihu. Akwai na'urar da muke kira mega, ana kashe wutar gidan a cire duk kayan da ke jone, sai ta tura bolt 500 cikin kowane layi ta auna ko robar wayar tana riƙe wuta ko tana yoyo. Ƙa'ida ita ce kada layi ya gaza megom 1, wato om miliyan ɗaya, lafiyayyen sabon wayarin kuwa ɗaruruwa yake nunawa. Sai kuma na'urar auna atin, wato wayar ƙasa. Duk mai gyaran da yazo gidanka ba shi da waɗannan biyun, ko bai san inda zai aro su ba, ka bashi kuɗin mota cikin mutunci ka nemi wani. Kuma a yi gwajin da damina lokacin da bangon yake jiƙe, in ka bari sai watan Janairu da iskar hunturu ta busar da komai, layin da yake yoyo zai iya nuna maka lafiya lau ya yaudare ka.

Mu 'yan arewa da muke zuwa kudu akwai abinda muke rainawa, shine laima. A Kano ko Katsina ruwa wata huɗu ne zuwa biyar, sauran shekara bango ya bushe ƙayau, waya tana iya yin shekara arba'in ba abinda ya same ta in ba ɓera ba. Legas kuwa daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, a ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take. Ka samu mai gyara ya kwance maka soket ɗaya na ƙasa-ƙasa a bangon da ruwa yake duka, ka tsaya a kansa ka gani da idonka. Yawanci abinda zaka tarar shine akwatin ƙarfen da ke ciki ya zama ja da tsatsa har yana marmashewa in an taɓa, sukurorin sun ci sun ƙi juyawa, bakin wayar jan ƙarfen ya koma kore ko baƙi, ga ƙasar da tururuwa suka tara a gindin, wani lokaci da busasshiyar tsaka ko ƙwan kyankyaso. Wannan dattin in ya sha laima shi kansa hanya ce da wuta take bi ta shiga filasta, shine bangon da kake cewa yana ja. Kuma duk inda mahaɗa tayi tsatsa tana ɗaukar zafi, zafin ya ƙona roba, daga nan ne gobarar tsakar dare take tashi.

Gidajen wancan zamanin, ƙarshen tsohuwar hukumar wuta ta ECN da farkon NEPA da aka kafa a 1972, da yawansu bututun ƙarfe aka binne a bango aka zura waya a ciki, kuma shi bututun ne yake aikin wayar ƙasa, ba a ja koriyar waya daban ba. Dabara ce mai kyau lokacin da ƙarfen yake sabo. Bayan shekara hamsin a laimar Legas mahaɗun bututun sun ruɓe, ma'ana ramin nan na uku na saman soket ɗinka yana nan a ido amma ba a haɗe yake da komai ba. Na fi zargin abinda ke faruwa a banɗakinka kenan, hita ko wata waya tana yoyo, ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta famfo, sai ta jikin wanda ya taɓa.

Ka leƙa cikin silin ma, can ne ake ɓoye abin kunya. Duk wanda yazo ƙara fanka ko ƙwan fitila a shekarun nan ya feɗe waya ya murɗa ya naɗe da baƙin salatif ya tafi, salatif kuwa zafin kwano da laima suna sa shi ya saki, ga kwanon yana ɗiga a kai. In kun tarar da waya mai rufin roba baƙa irin ta da, wadda in ka lanƙwasa take farfashewa kamar busasshen ganye, wannan babu wani gwaji, cirewa za a yi. In PVC ce kuma mega ta nuna lafiya, tana iya zama a ci gaba da amfani da ita na wani lokaci. Abu ɗaya a kula, silin ɗin tsofaffin gidajen nan da yawa na asbestos ne, kada a bari yara su tsaya wurin ana huda shi ko ana fasawa, ƙurarsa tana illa ga huhu, mai aikin ma ya jiƙa wurin ya rufe hancinsa. Kuma a gyara yoyon rufin kafin a ja sabuwar waya, in ba haka ba aikin banza ne.

Yanzu ga inda nake so kuɗinka na farko su tafi, kuma nan zan daɗe domin nan ne ran mutum yake: atin da allon rarraba wuta, wanda masu aiki suke ce wa DB.

Kamfanin wuta, a wajenku Ikeja Electric kenan, waya biyu yake kawo wa gida mai layi ɗaya, mai wuta da nutural wadda wutar take komawa ta cikinta, ba ya kawo maka wayar ƙasa, kai ne zaka yi taka. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe a ƙasa, a ɗaure ta da waya mai kauri zuwa DB, daga nan koriyar waya ta bi kowane soket da kowane abu mai jikin ƙarfe. A tsohon gida in ka tona inda aka ce atin yake sau da yawa zaka tarar wayar ta tsinke tuntuni ko an zuba kankare a kai an manta. A kafa sabuwa, a yi mata ɗan rami mai murfi yadda za a riƙa dubawa, mahaɗar a ɗaure da kilam na tagulla ba a murɗa waya kawai ba. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa suna saukar da awo a ranar da aka zuba, mai aiki ya nuna maka lamba mai kyau ya karɓi kuɗinsa, amma gishirin yana cin sandar kuma ruwan Legas yana wanke shi, ni na fi son a ƙara tsawon sanda ko a kafa biyu a haɗe su, tunda ƙasarku mai danshi ce ba ta da wahalar bada awo mai kyau. Sannan bututun ruwa na ƙarfe, jikin hita, injin bohol, ƙarfen da tankin ruwa yake kai, duk a ɗaure su da wannan atin ɗin.

Amma atin kaɗai ba ya isa, kuma wannan ne abinda masu gyara da yawa ba su gane ba. Mu ɗauka sandarka ta bada om 20, wanda awo ne mai kyau. Wayar wuta ta taɓa jikin hita. Raba 230 da 20, am 11 da rabi ne zai riƙa zuba ƙasa. Fiyus ɗin layin na am 30 ne, ko bireka ta am 32, a wajenta wannan ba komai bane, kamar an kunna dutsen guga da butar lantarki ne, ba za ta faɗi ba har abada, jikin hitar kuma yana nan da wuta. Fiyus da bireka aikinsu kare waya daga ƙonewa, ba a yi su don kare mutum ba. Abinda yake kare mutum shine RCD, a kasuwa zaka ji ana ce mata ELCB. Ita tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar, da zarar ta ga bambancin miliyam 30, wato wani abu ya zurare ta bango ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ka duba jikinta da kanka kaga an rubuta 30mA. Akwai masu 100mA da 300mA, waɗannan na kare gobara ne, ba sa tsare rai a banɗaki, kuma ana saka wa mutane su da gangan saboda ba sa yawan faɗuwa.

Zan gaya maka abinda zai faru tun yanzu don kada ranka ya ɓaci. Ranar da aka saka RCD a tsohon gida irin naka, ruwan farko da za a yi sai ta faɗi. A tayar ta sake faɗuwa. Daga nan sai iyali su fara ƙorafi, sai a kira wani yaro yazo yace ai abin nan ne ba shi da kyau, ya zagaye ta da guntuwar waya, wuta ta zauna kowa yayi murna. Wallahi Malam kada ka yarda da wannan, faɗuwar da take yi gaskiya take gaya maka, akwai layin da yake yoyo, a nemo shi. Hanyar da ta fi sauƙin zama da ita shine kada a ɗora gidan duka a kan guda ɗaya. In da hali a saka wa kowane layi nasa, akwai wadda ta haɗa aikin bireka da RCD wuri ɗaya ana kiranta RCBO, in fitilar waje ta sha ruwa ita kaɗai zata mutu firij yana ci gaba da aiki. In kuɗi bai kai ba a raba gidan biyu, banɗaki da kicin da waje a ɗaya, ɗakuna a ɗaya. Akwai ɗan maɓalli a jikinta mai alamar T, ka riƙa dannawa a farkon damina da tsakiyarta, in bata faɗi ba ta mutu a canja, laima tana sa cikinta ya cije.

Shi kuma tsohon allon mai fiyus ɗin tangaran a sauke shi. Na tabbata in ka zare ɗaya zaka ga ba wayar fiyus bace a ciki, silin jan ƙarfe ne aka ninka biyu ko uku saboda an gaji da ƙonewarsa, wato an mayar da wayar cikin bango ita ce fiyus. A saka sabon DB a bangon ciki wanda ruwa ba ya duka, sama sosai, kowane layi da birekarsa daidai kaurin wayarsa: fitilu waya 1.5mm da bireka am 6 ko 10, soket 2.5mm da am 20, esi da hita kowanne nasa layin daban tun daga DB, 4mm in da nisa, murhun girki na lantarki 6mm. A rubuta sunan kowane layi a jiki. Gidan nan da aka gina shi don ƙwan fitila da fanka da rediyo da dutsen guga aka yi lissafinsa, hita mai kilowat 3 ita kaɗai am 13 take ja, don haka esi biyun nan kada a kuskura a jona su a tsohon soket, sabuwar waya za a ja musu.

Maganar a fasa ko kar a fasa, mega ce zata raba gardama, layi-layi. Abinda na saba gani shine layin banɗaki, kicin, fitilun waje da duk soket ɗin da ke bangon da ruwa yake duka su ne suke faɗuwa gwaji, na ɗakunan tsakiya kuma su tsallake. Sai a fara da waɗanda suka faɗi, sauran a bi su a hankali in kuɗi sun samu. Kuma ba dole sai an sassare bango ba, a bangon da yake tsotsar ruwa daga ƙasa ni na fi son a bi ta sama da tirankin na roba, ba shi da kyan gani kamar na binnewa amma waya tana zama a bushe kuma gobe in an so dubawa murfi kawai za a ɓalle. Akwatunan soket a saka na roba. Tsofaffin soket masu zagayen rami a canja su da masu baki uku na am 13. In unguwarku ruwa yana shiga gida, a ɗaga soket ɗin ƙasa su haura mita ɗaya, in baya shiga ma kada su gaza santimita 45 daga daɓe. Duk abinda yake waje, makunni ne ko fitila ko soket ɗin injin ruwa, a nemi mai IP65 a rubuce, alamar cewa yana tare ƙura da feshin ruwa, kuma waya ta shigo masa ta ƙasa ba ta sama ba, domin ruwa bin waya yake yi ya gangara har cikin akwati.

Wajen sayen waya kaje da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi. Kasuwa cike take da wayar alminiyon da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, a laima irin taku ba ta daɗewa take ruɓewa a bakin sukuru. Ka feɗe bakinta ka kankare silin wayar da wuƙa, in cikin ya fito fari ka ajiye musu abarsu. Ka ɗaga nadin kaji nauyinsa, ta gaske tana da nauyi, ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, da sunan kamfani a jikin robar. Wayar da ake yi a nan gida Najeriya ta kamfanonin da aka sani tana da kyau ƙwarai, matsalar jabunta ne da ake bugawa da sunansu, don haka a saya wajen dila na gaskiya a karɓi rasit.

Sai tsawa. Abinda ya cinye maka talabijin da wuya ace a kan gidanka ta faɗo, da a kansa ne da ba talabijin kaɗai zaka lissafa ba. Yawanci tana faɗuwa ne a wani wuri kusa, sai wayoyin da ke kan falwaya su ɗauki wani mugun ƙarfi na dubban bolt na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya biyo waya ya shigo gida. Kuma ka lura dikoda da talabijin ne suka tafi tare, wannan yana nuna ta wayar dish ma ta shigo, ita ce ƙofar da kowa yake mantawa da ita. Sitabilaiza ba ta tare wannan, kafin ta motsa an gama ɓarnar. Abinda ake sakawa shine na'urar kariya daga wannan mugun ƙarfin da ake kira SPD a cikin DB, mai lamba Type 2, in kuma akwai ƙarfen kamun tsawa a kan rufin to sai an haɗa da Type 1 a mashigar wuta. Aikinta ta karkatar da wannan ƙarfin zuwa ƙasa, kaga kenan in babu atin mai kyau ado ce kawai, kuma wayoyin da aka haɗa ta da su su zama gajeru, duka-duka kada su wuce rabin mita. Tana da ɗan tagar da take nuna kore, in ta koma ja ta gama aikinta a saka wata. Ƙarfen dish a ɗaure shi da atin. Duk da haka in hadari ya haɗo kana gida, zare filogi da wayar dish daga bayan dikoda yafi komai tabbas, kashe makunni kawai baya wadatarwa. Shi ƙarfen kamun tsawa na kan rufi, in gidanka ƙasa ne kuma benaye sun kewaye shi ba shine na gaba a layi ba, in bene ne da ya fi na maƙwabta tsawo ko akwai dogon ƙarfen tanki to a saka, da sharaɗin a sauko da shi da faffaɗan jan ƙarfe miƙe ba lanƙwasa-lanƙwasa ba, a haɗe atin ɗinsa da na gidan. Wanda aka kafa aka bar wayarsa a tsinke, ko ɓarayi suka yanke, gara babu shi.

Akwai wata ɓarnar da ake ɗora wa tsawa alhali ba ita bace. Iska ta kaɗa wayoyi, nutural ya saki a kan falwaya ko a taransifoma, sai kaga fitilun wani ɗaki sunyi haske fau kamar za su fashe na wani ɗakin sun dushe, fanka tana gudu kamar zata tashi. A wannan halin soket ɗin 230 yana iya kaiwa kusa da 400, firij da caja da komai sai su ƙone cikin minti. In ka ga haka a guje a kashe babban makunni. Maganinsa wata 'yar na'ura ce mai nuna lamba da ake sakawa a gaban DB, in wuta ta haura ko tayi lo-karan sosai ta yanke, in ta daidaita ta jira 'yan mintuna kafin ta maido, wannan jiran ma yana ceton kwamfiresan firij da esi daga kawowa da ɗaukewar da ake yi lokacin hadari. Ba ta da tsada in aka kwatanta da abinda take karewa. Sannan a duba wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidan, yawanci alminiyon ce, inda ta haɗu da jan ƙarfe in aka murɗa su kai tsaye laima tana sa su ci juna su zama farin gari, akwai mahaɗa ta musamman da ake sakawa a tsakani. Kafin wayar ta shiga bango a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa yadda ruwa zai ɗiga a waje. Reshen bishiyar da yake gogarta a sare. Amma daga mita zuwa falwaya hurumin kamfani ne, a kai musu rahoto su turo ma'aikatansu, kada a sa yaron unguwa ya hau.

Inbata ka barta ta zama ta ƙarshe, ɗora ta a kan wannan wayarin kamar shafa fenti ne a ƙyauren da gara ta cinye. Kuma akwai haɗarin da mutane basa tunawa, yanzu in an ɗauke wuta gidanka ya huta da ja, ranar da ka saka inbata yoyon nan dare da rana zai zama. In lokacinta yayi a ware mata layukan da zata ɗauka a ƙaramin DB nata, a saka RCD a bayanta, kuma a gwada a gani tana faɗuwa lokacin da gidan yake kan batir, domin wasu inbatocin in ba a daidaita nutural ɗinsu da atin ba RCD ɗin ba ta ganin komai. Batir masu ruwa suna fitar da iska mai kamawa da wuta, a ajiye su inda iska take shiga, a kan abin ɗorawa ba a daɓe ba. In da sola, a ɗaure faifan solar da ƙarfen rufin sosai da kusoshin da basa tsatsa, firam ɗin a kai shi atin, bireka da SPD na ɓangaren faifan su zama na DC, wato irin wutar da sola da batir suke bayarwa, na wutar gida basa iya kashe tartsatsin DC. Janareta kuma ta cenjoba kawai, mai yanke waya biyun duka, wayar nan mai filogi biyu da ake cusawa a soket tana mayar da wuta kan layi ta kashe ma'aikacin da yake kan falwaya. Kuma duk ruwan da ake yi kada a shigo da inji cikin gida ko baranda mai rufe, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari kuma ta sha kashe iyali guda suna barci, a yi masa 'yar rumfa a waje nesa da taga.

In ruwa ya taɓa shiga gidan, kada kowa ya taka cikinsa don zuwa kashe wuta, in ba za a kai ga makunni a bushe ba a fita a kira kamfani. Bayan ya janye duk soket da birekar da suka nutse canja su ake yi, shanya su a rana baya fitar da laka da tsatsar da ke ciki. In kuma Allah ya kiyaye wutar lantarki ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu, a kashe wutar ko a ture shi da busasshen katako, in baya numfashi a fara danna ƙirji ana kiran 112 ko 767, a kai shi asibiti ko da ya miƙe yace lafiyarsa ƙalau. Wanda tsawa ta faɗa wa kuma babu sauran wuta a jikinsa, maganar sai an nemo nono an zuba kafin a taɓa shi ɓata lokaci ne da zai iya cin ransa, a kai masa ɗauki nan take.

Wanda zaka ba aikin ka tambaye shi shaidarsa ta NEMSA, ita ce hukumar da aka kafa da dokar 2015 take tantance masu aikin wayarin kuma take duba aiki, ba laifi bane ka nemi gani. Ku yi yarjejeniya a rubuce, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai ya baka takarda mai ɗauke da awon mega na kowane layi kafin aiki da bayansa, awon atin, da gwajin RCD da aka yi a gabanka. In zaka iya, turo min hoton cikin DB ɗin da na soket ɗaya da aka kwance da kuma lambobin da mega ta bayar, daga nan zan iya ce maka layi kaza a sake, layi kaza a barshi zuwa baɗi. Allah ya tsare mana iyali, ya hore abin yi.